Ƙidayar Baƙi

Ƙarfe uku na dare a Suwal.
Masunta sun tura jiragensu Bahar Maliya,
ni kuwa ina cikin fararen kaya, daga ka har tafin sawu,
kamar mai harami da ya ɓata hanyar Makka.
Tun la'asar famfo ke zuƙe iskar tukunyar ƙarfe,
bai gaji ba, bai gama ba.

A bakin hantsaki, ɓallin silikon kabaid,
bai kai farcen babban yatsa ba.
Na ɗaga shi ga fitila: ruwan zuma, da ɗan duhu a tsakiya.
Da gidan ba kowa, da ya fito garau.
Launin nan shi ke tona asiri:
akwai baƙi a ciki.

Naitirojin.
Kusan huɗu cikin biyar na kowane numfashi shi ne,
ba wanda ya taɓa ce masa sannu.
Sai ya shiga dutse, ya zauna a gurbin kabon,
sannan a tashe ni tsakar dare
in ƙirga shi.

Ba ya zuwa hannu rabbana.
Kowane ɗaya da tsarabar lantarki a aljihu,
da ita dutsen ke koyon buɗe ƙofa da rufewa
tsakanin farantan rana da famfon da ke tace ruwan teku.
In ya yi kaɗan, wuta ta tsaya a zaure.
In ya yi yawa, ranar da ƙarfi ya taso
ƙofar ta ɓalle,
unguwa guda ta kwana da zufa.
Gishiri ne, kuma miyar ba ta da mai ɗanɗanawa
sai ni da wannan allo.

Na saki harbin siziyom.
Yana haƙa rijiyar da ido bai gani,
guga na fitowa da ƙwayoyi, ma'auni na tantancewa.
Layi ya hau allo. Ya yi sama, sama da yadda aka so.

Tajussir ya leƙo, idonsa ja, gahawarsa na jira a waje.
Ya ce, rubuta ya lalace, mu tafi mu kwanta.
Na ce, dakata.
Wa muka ƙirga?
Na cikin dutse, ko waɗanda suka biyo mu
ta bakin murfi, ta gumin bango,
ta numfashin da ya tsere wa ƙyallen hancina?

Na tsuke bakin rijiyar, na sake jefa guga.
Na cikin dutse suka ƙaru,
na ɗaki suka tsaya inda suke.
Na ɗebe wannan daga wancan.
Ashe rabin laifin namu ne.
Dutsen bai ce komai ba, dama bai saba kare kansa ba.

Kakana Tanimu ya taso daga Auyo da ƙafa,
ya tsinci auduga shekara bakwai a Jazira,
ya hau jirgin ruwa a Sawakin da tabarma ɗaya.
Ya yi dako a Jidda har bayansa ya lanƙwashe.
Ni, jikarsa, ranar Lahadi
wani ya juya katina a hannu sau biyu
ya ce, amma asali daga ina?

Ban ba shi amsa ba. Ga ta yanzu a allo:
ɗaya cikin miliyan goma,
zaune a gurbin da ba a gina don shi ba,
kuma ta kansa wutar ke bi.

Na rubuta adadin, da gwargwadon shakkata a gefensa,
don awo marar shakka ƙarya ne.
Na tuɓe safar hannu.
A waje ladan ya fara, iskar teku ta bugi fuskata,
danshi, gishiri, ƙarnin kifi.
Na ja ta har ƙasan huhu,
ban ƙirga kowa ba.